Jinyar Bugun Sauti a Ciwon Agara, Tsoka da Gaɓɓai: Inda Hujja Ta Yi Ƙarfi da Inda Ta Yi Rauni

Tsakure

Wannan maƙala ta duba jinyar da ma'aikatan gashin ƙashi ke kira shokwef, wato aika bugun sauti mai ƙarfi ta cikin fata zuwa agara ko ƙashin da ke ciwo. An bi asalinta daga fasa tsakuwar ƙoda a Jamus a 1980, an rarrabe na'urori biyu da ke amsa suna ɗaya, sannan an auna sakamakon manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan ciwon diddige, kafaɗa, agara, gwiwar hannu da kwatangwalo. Matsayar maƙalar ita ce jinyar tana da gurbi na gaske amma ƙarami: ciwon da aka tantance sunansa, wanda ya daɗe, wanda ya ƙi jin motsa jiki na ƙa'ida, kuma ko a nan ɗin tare da motsa jikin take tafiya.

Gabatarwa



Wata malamar firamare ce ta sa na zauna rubuta wannan takarda. Ta haura shekara 45, ta zo ɗakin gashi tana ɗingishi, ta ce kusan shekara ke nan diddigenta na dama ya hana ta sakat. Yadda ta siffanta abin, duk wanda ya taɓa duba irin wannan ciwo zai gane shi tun kafin ya taɓa ƙafar. Idan ta farka da asuba ta sauko daga gado za ta yi alwala, takun farko ji take kamar ta taka ƙusa, sai ta dafa bango. Bayan ta ɗan zazzaga tsakar gida sai ya lafa. Ta wuni tsaye a gaban allo, da yamma ya dawo. Ta sha ƙwayoyin kemis har cikinta ya fara zafi, an yi mata allura a diddigen sau biyu, wanzami ya yi mata ƙaho. Da na danna babban yatsana a gefen ciki na ƙashin diddigen, sai ta janye ƙafar da sauri, ta ce, “Nan ne, likita.” Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta: “An ce akwai injin da ake sa wa mutum shokin, jijiyar ta warke. Gaskiya ne?”

Tambayar tata ɗauke take da ruɗani iri biyu, kuma babu laifinta a ko ɗaya. Na farko, babu wutar lantarki da ke shiga jiki a wannan jinya. Sunan ne ya yi kama da shokin. Na biyu yana cikin harshenmu. Bahaushe da kalma ɗaya, jijiya, yake kiran hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, da igiyar da ta ɗaure tsoka a jikin ƙashi. Idan mai talla ya ce injinsa na maganin ciwon jijiya, mai ciwon sukari da ƙafarsa ke zugi zai ɗauka da shi ake, mai ciwon baya da ke sauka cinya ma haka. A wannan maƙala zan riƙa cewa agara a duk inda nake nufin igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, ko ta bayan diddige ce ko ta kafaɗa, domin a kanta ne mafi yawan hujjar ta taru.

Daga ƙoda zuwa ƙashi

Asalin wannan jinya ba daga wurin likitoci ya fito ba. Injiniyoyin kamfanin jiragen sama na Dornier a Jamus ne ke binciken dalilin da ya sa jikin jirgi mai tsananin gudu ke cin rauni idan ya ratsa ɗigon ruwa. An ruwaito cewa a 1966 wani ma'aikacinsu ya dafa farantin ƙarfe daidai lokacin da harsashin gwaji ya doke shi, ya ji wani abu ya ratsa jikinsa kamar lantarki. Da aka auna, ba a sami lantarki ba. Girgizar bugun ce ta bi ta ƙarfen ta shige jikinsa. Ashe ruɗanin malamar nan ya girmi jinyar kanta.

Ranar 7 ga Fabrairu, 1980, a birnin Munik, Christian Chaussy da abokan aikinsa suka fasa tsakuwar ƙodar mutum na farko ba tare da an tsaga shi ba, yana kwance cikin kwamin ruwa, da na'urar Dornier HM1. Cikin 'yan shekaru wannan hanya ta sauya aikin likitocin mafitsara a duniya. Damuwar da ta biyo baya ita ce ƙashin ƙugu, wanda bugun ke ratsawa idan tsakuwar ta gangaro ƙasa: shin ba zai tsage ba? Gerald Haupt da wasunsa suka gwada a kan dabbobi a tsakiyar shekarun 1980, sai suka ga akasin abin da ake tsoro, ƙwayoyin da ke gina ƙashi sun ƙara himma. A 1991 Valchanou da Michailov na Bulgeriya suka wallafa sakamakon amfani da bugun a karayar da ta ƙi haɗewa, a 1993 kuma Loew da Jurgowski suka juya shi ga allin da ke taruwa a agarar kafaɗa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar OssaTron domin ciwon diddige a shekarar 2000.

Suna ɗaya, na'ura biyu

A kimiyyar sauti, ba kowace girgiza ake ba wannan suna ba. Bugun na ainihi matsi ne da ke tashi farat ɗaya, cikin abin da bai kai kashi 10 cikin biliyan na daƙiƙa ba, ya kai ƙololuwar da ke iya kusan megafaskal 100, wato kimanin ninki dubu na nauyin iskar da ke kanmu. Daga nan sai ya faɗi ya koma zuƙa, kuma a lokacin zuƙar ne ƙananan kumfa ke tasowa cikin ruwan nama su fashe. Ƙarar aradu misalinsa ce a sararin sama. Ana samar da shi ta hanya uku: tartsatsin wuta cikin ruwa, ko maganaɗisun lantarki da ke fizgar faranti, ko jerin duwatsun kiristal da ke kumbura idan an ba su wuta. Dukkansu suna tattara ƙarfin a wuri guda can cikin nama, kamar yadda yara ke tattara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Wannan ita ce na'ura mai saiti.

Ta biyun ta fito a ƙarshen shekarun 1990, kuma fitacciyarta ita ce Swiss DolorClast ta kamfanin EMS. Iska ce mai matsi ke harba ɗan dunƙulen ƙarfe cikin bututu, ya doki kan da aka manna a fata. Ƙarfin ya fi yawa a bakin fatar, yana bazuwa yana raguwa, ba ya wuce 'yan santimita. A 2007 Cleveland da abokan aikinsa suka auna irin wannan na'ura suka nuna cewa abin da take fitarwa bai cika siffar bugun ainihi ba, girgizar matsi ce. Hakan bai hana ta amfani ba, kamar yadda za mu gani. Amma ita ce mai arha, ita ce mai sauƙin ɗauka, don haka ita ce mai cibiyar gashi zai fi iya saye. Bai dace a karanto wa majinyaci sakamakon gwajin da aka yi da mai saiti, sannan a ɗora masa mai bazuwa ba.

Ana auna ƙarfin bugu da milijul a kan kowace murabba'in milimita. Jan Rompe da abokan aikinsa a Jamus sun gwada matakai daban-daban a agarar zomaye a 1998. A 0.08 ba su ga wata illa ba, a 0.28 suka ga kumburi mai wucewa, a 0.60 kuma naman agarar ya lalace ƙwarai. Maganin da ke da awo yana da wuce-awo. Shi ya sa duk rahoton da bai faɗi irin na'ura, da ƙarfin bugu, da yawansa, da yawan zama ba, ba shi da amfani ga mai son koyi.

Me yake yi a cikin nama?

Da farko an ɗauka fasa wani abu yake yi, kamar yadda yake fasa tsakuwa. A kafaɗa mai alli akwai ƙanshin gaskiya a nan, duk da cewa allin a hankali jiki ke zuƙe shi cikin makonni da watanni. A diddige kuwa wannan fahimta kuskure ce. Ɗan tsiron ƙashin da hoto ke nunawa, wanda ke tayar wa mutane hankali, ana samunsa a ƙafafun mutane da yawa da ba su taɓa jin ciwo ba, kuma bugun ba ya kawar da shi.

Fahimtar ciwon kansa ma ta sauya. Shekaru da yawa ana ɗaukar ciwon agara a matsayin kumburi, ana bin sa da maganin kumburi. Da aka riƙa duba naman da aka yanko a tiyata, sai aka tarar zaren agarar ne ya hargitse ya rasa jerinsa, kamar igiyar guga da ta fara saɓulewa, ƙwayoyin kumburi kuwa kaɗan ne. Khan da Cook da abokan aikinsu sun yi kira a mujallar BMJ a 2002 da a bar tsohuwar fahimtar. Gyara ne jiki ya fara bai ƙarasa ba. A kan haka aka gina hasashen cewa bugun yana tsokanar naman ne ya koma bakin aikin gyara. Ching-Jen Wang na Taiwan ya nuna a 2003 cewa sabbin hanyoyin jini sun tsiro a mahaɗar agara da ƙashi a jikin zomayen da aka yi wa bugun. Wasu masu bincike a Jamus da Japan sun nuna cewa siraran zaren da ke ɗaukar saƙon zafi suna raguwa na wani lokaci, haka ma sinadaran da suke fitarwa. Kusan duk wannan a jikin zomo da ɓera aka gani. Yana bayyana yadda abin zai iya aiki, amma tabbatar da cewa ya yi aiki a jikin mutum sai gwaji a kan mutane.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da ake dogara da shi shi ne wanda aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu bugun gaske, wasu na bogi, ba tare da sun sani ba. Bukatar haka ta yi tsanani a nan, domin inji mai ƙara, mai zafi, mai tsada, yana sa mutum ya ji sauƙi tun kafin nama ya san an taɓa shi. Ga shi kuma mafi yawan ciwon diddige yana lafawa da kansa cikin shekara guda.

Hujja ta fi ƙarfi a kafaɗa mai alli. Ludger Gerdesmeyer da abokan aikinsa sun wallafa gwajin mutum 144 a mujallar JAMA a 2003. Kashi ɗaya aka yi musu bugu mai ƙarfin 0.32, kashi na biyu mai ƙarfin 0.08, na uku na bogi, kowa zama biyu. Bayan shekara guda allin ya ɓace gaba ɗaya a kashi 86 cikin ɗari na masu bugu mai ƙarfi, da 37 na masu sassauƙa, da 25 na masu bogi, kuma motsin kafaɗa da raguwar zafi sun bi wannan jeri. Idan sakamako yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar awo, da wuya a ce sa'a ce. Sai dai kada mu yi saurin yaɗa wannan nasara a kan kowace kafaɗa. Bitar Cochrane ta 2020, wadda ta tattara gwaji 32 da mutum 2,281 masu ciwon agarar kafaɗa, da alli da babu alli, ta ce amfanin da majinyaci zai ji a jikinsa kaɗan ne. A kafaɗar da babu alli, ni ban ga dalilin karɓar kuɗin mutum ba.

Diddige shi ne inda gardama ta fi zafi, kuma zan ɗan daɗe a kansa saboda shi ne ya fi kawo mana mutane. A 2002 Rachelle Buchbinder ta Ostareliya ta wallafa gwajin mutum fiye da 160 a JAMA, ba ta ga bambanci tsakanin bugun gaske da na bogi ba a mako na 6 da na 12. Shekara guda bayan haka Michael Haake ya fitar da gwajin mutum 272 a Jamus: kashi 34 cikin ɗari suka samu sauƙi da na gaske, 30 da na bogi. Da a nan aka tsaya, da magana ta ƙare. Amma magoya bayan jinyar suka kawo suka mai ma'ana. Gwajin Ostareliya ya buɗe ƙofa ga duk wanda ciwonsa ya kai mako 6 kacal, kuma masu bogin ma an ɗan ba su bugu kaɗan. Gwajin Jamus kuma an yi wa kowa allurar kashe zafi kafin bugun. A 2005 Rompe ya kwatanta masu allurar da marasa ita, ya tarar marasa allurar sun fi samun sauƙi. Dalili ɗaya a fili yake: mai jin zafi shi ke nuna wa likita daidai inda ciwon yake, idan an kashe wurin an yi asarar ɗan jagora. Sai a 2008 Gerdesmeyer ya gwada na'ura mai bazuwa a kan mutum kusan 250 da ciwonsu ya daɗe ya ƙi sauran magani, zama 3, bugu 2,000 kowane zama, babu allura. A mako na 12 kashi 61 cikin ɗari suka samu nasara, masu bogi kuwa 42. Gwajin Gollwitzer na 2015 da na'ura mai saiti shi ma ya nuna fifiko a kan bogi.

Ina roƙon a tsaya a kan wannan 42 ɗin. Mutum 4 cikin 10 sun samu sauƙi da injin da bai taɓa namansu ba. Ribar da bugun ya ƙara ita ce kimanin mutum 2 cikin 10. Riba ce ta gaske, amma ba ita ce ake rubutawa a allon talla ba. Kuma ba ta tabbata a ko'ina ba: a 2024 Marte Heide da abokan aikinta a Oslo suka raba mutum 200 gida huɗu, duka aka ba su shawara da shimfiɗar takalmi da aka auna da ƙafarsu, wasu aka ƙara musu bugu mai bazuwa, wasu na bogi, wasu motsa jiki. Ƙarin bai kawo bambancin a zo a gani ba. Shi kansa Rompe, wanda ya fi kowa kare wannan jinya, ya nuna a 2010 cewa a ciwon diddige sabo, miƙe tafin ƙafa da hannu ya fi bugun amfani a watannin farko. Wannan miƙewa ba ta cin ko kwabo: mutum ya ɗora ƙafa a kan gwiwa, ya ja yatsun sama har ya ji tantanin tafin ya ɗaure, ya riƙe daƙiƙa 10, ya maimaita sau 10, sau 3 a rana, na farkon tun kafin ya taka ƙasa da asuba.

A agarar bayan diddige, ma'aunin da ake gwada komai da shi shi ne atisayen Håkan Alfredson na Suwidin na 1998: a tsaya a bakin matakala a ɗaga diddige, a sauke shi a hankali da ƙafa mai ciwo, sau 180 a rana har mako 12. Rompe ya gwada mutum 68 a 2009, ya tarar kashi 56 cikin ɗari sun warke ko sun samu sauƙi sosai da atisayen kaɗai a wata na 4, da aka haɗa da bugu kuwa 82. Bayan shekara guda ƙungiyoyin biyu sun kamo juna. A nan bugun hanya ya gajarta, atisayen ne ya kai mutum gida.

Gwiwar hannu labarinta gajere ne. Bitar Cochrane ta 2005 ta haɗa gwaji 9 da mutum 1,006, ta ce amfanin kaɗan ne ko babu. A agarar ƙoƙon gwiwa ma, gwajin Zwerver na 2011 a kan 'yan wasan Holan da ke ci gaba da wasa bai nuna amfani ba.

Gwajin gefen kwatangwalo ya cancanci a karanta shi a kowane ɗakin allura. Mutum 229 Rompe ya raba uku a 2009: allurar kotison, atisayen gida, da bugu mai bazuwa. A wata na farko allura ta yi wa sauran fintinkau da kashi 75 cikin ɗari. A wata na 15 ta koma ta baya da 48, bugu na da 74, atisayen gida na da 80. Rabon bai kai tsantsar ƙuri'a ba, don haka a ɗauke shi da sassauci, amma ya yi daidai da bitar Coombes a mujallar Lancet ta 2010, wadda ta nuna cewa a gwiwar hannu allurar kotison daɗinta na 'yan makonni ne, daga baya ciwon ya fi dawowa. Idan har bugun zai sa a rage yawan allurar da ake tsira wa mutane a agara, wannan kaɗai alheri ne.

A tsoka, da sanyin ƙashin gwiwa, da sandarewar gaɓɓai bayan shanyewar ɓarin jiki, akwai gwaje-gwaje da yawa, amma akasarinsu ƙanana ne masu gajeren bibiya. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa da bugu. Karayar da ta ƙi haɗewa ce ta fi jan hankalina, ganin yawan haɗarin babur a garuruwanmu da yawan masu zuwa asibiti a makare daga wurin maɗori. Cacchio na Italiya ya kwatanta bugu da tiyata a mutum 126 a 2009, kuma a wata na 6 kimanin kashi 70 cikin ɗari sun haɗe a kowane ɓangare. Amma da na'ura mai saiti mai ƙarfi aka yi, a irin karayar da bakinta ke da sauran rai, kuma aikin likitan ƙashi ne. Ƙaramar na'urar ɗakin gashi ba ta da hurumi a nan.

Kafin a kunna inji

Illolin da aka saba gani masu sauƙi ne: zafi lokacin bugu, jan fata, ɗan kumburi, ɗigon jini a ƙarƙashin fata da ke bajewa cikin kwanaki. Ba a kai bugu kan huhu, domin inda nama ya haɗu da iska nan ƙarfin ke sauke kayansa ya yaga. Dalilin da ya sa ake shafa man nan mai santsi a fata ke nan, don kada iska ta shiga tsakani. Ba a yi a inda ɗan tayi yake, ko kan ciwon daji, ko ga mai matsalar daskarewar jini, kuma ana kauce wa bakin ƙashin yaro mai girma. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ce a 2009, game da diddige da gwiwar hannu, babu wata babbar fargabar illa, amma hujjar amfani ba ta tsaya a magana ɗaya ba, don haka a gaya wa majinyaci haka ƙarara, a kuma riƙa ajiye bayanan sakamako.

A wurinmu haɗarin da na fi tsoro shi ne a bugi ciwon da ba a san sunansa ba. Saurayi mai sikila da ke kukan kwatangwalo, mai yiwuwa kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa saboda yankewar jini. Wang ya gwada bugu a farkon wannan cuta a 2005 ya ga alheri, amma a Taiwan, inda ba sikila ce ke jawo ta ba, kuma da babbar na'ura. Ciwon bayan da ke tare da rama da zufar dare, sai an kawar da zaton tarin fuka na ƙashi. Ƙafar da ke zugi da dare a jikin mai ciwon sukari, zaren saƙo ne ke ciwo. Wanda agararsa ta fara zafi bayan ya sha ciprofloxacin don taifot, a tuna cewa wannan dangin magani yana raunana agara har ta tsinke, Amurka ta sa a rubuta gargaɗin a takardar bayanin maganin tun 2008. Tambaya da hannu, da hoto idan ya kama, su ke zuwa kafin inji, kuma wanda ya riƙe injin ya zama mai lasisin hukumar da ke yi wa ma'aikatan gashin ƙashi rajista.

Sai maganar kuɗi, wadda ba na son mu kauce mata don muna zancen ilimi. Mafi yawan majinyatanmu daga aljihunsu suke biya. Mai cibiyar da ya sayi inji da kuɗin waje, yana zuba man janareta, yana sauya bututun da ke cinyewa, zuciyarsa za ta riƙa raya masa cewa kowace gaɓa na bukatar bugu. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka yi wa zama fiye da 10 a gwiwar da guringuntsinta ya ƙare, a wata cibiya. Da ɗansa ya ciro rasiɗan daga aljihu, a ninke cikin leda, kunya ce ta kama ni a madadin sana'armu. Gwaje-gwajen da suka nuna amfani a agara akasari zama 2 zuwa 5 suka yi, sannan suka jira mako 12 kafin su yanke hukunci.

Akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Mutanen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu ba silifas suke wuni da shi a kan siminti ba, ba sa durƙusawa a kan yatsun ƙafa sau da yawa a rana, ba sa daka da surfe. Sassan gashin ƙashi na jami'o'inmu da asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala za su iya fara abu mai sauƙi: rajista guda da kowace cibiya mai injin za ta rubuta sunan ciwo, tsawon lokacinsa, irin na'ura, awo, da makin zafi kafin jinya da mako na 12. Tambayoyin awon ma sai an tsara su da Hausa, ta yadda za su tambayi takun farko na asuba da zaman tahiya.

Malamar nan ban fara mata da inji ba, don da na bincika sai na tarar a duk shekarar nan babu wanda ya taɓa nuna mata miƙe tafin ƙafa. Na nuna mata, ta yi a gabana har hannunta ya gane inda zai ja. Na ce ta daina allurar, ta nemi takalmi mai taushin ciki da ɗan tudu, ta roƙi kujera a aji. Bayan wata 3 ta dawo da sauƙi, amma takun asuba yana nan. A lokacin na zana mata lissafin Gerdesmeyer a bayan katinta, 6 cikin 10 da 4 cikin 10, na gaya mata kuɗin zama 3 da zafin da za ta ji. Ta duba katin ta daɗe, ta ce za ta yi shawara da maigidanta, ta dawo idan an yi albashi.